Hukuncin Saɓa Umarnin Kariya daga Cin Zarafi a Gida: Nazarin Giɓin Doka a Jihar Kano da Tasirinsa ga Unguwannin Ma'aikatan Masana'antu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hukuncin da doka ta tanada ga wanda kotu ta hana shi kusantar matarsa ko wani na gidansa saboda cin zarafi, sannan ya take umarnin. An ɗora nazarin a kan Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, aka auna ta da dokokin da ke aiki a Kano da kuma yanayin zaman ma'aikata a Zawaciki da yankunan masana'antu na Sharaɗa, Chalawa da Bompai. Maƙalar ta gano cewa saɓa irin wannan umarni ba laifi ne mai zaman kansa ba a dokokin Kano, kuma kwafo hukuncin Abuja yadda yake ba zai toshe giɓin ba.

1.0 Gabatarwa

Umarnin kariya takarda ce da kotu ke bayarwa don dakatar da cutarwa kafin ta kai ga rauni ko kisa. Ba hukunci ba ne a kan laifin da ya wuce, iyaka ce ake shata wa wanda ake ƙara game da abin da zai yi nan gaba: kada ya doki mai ƙara, kada ya shiga gidan da take, kada ya bi ta wurin aikinta. Tambayar da ke biyo baya ita ce, idan ya ƙetare iyakar, me zai same shi? Amsar wannan tambaya ce ke nuna ko umarnin yana da ƙarfi ko kuwa takarda ce kawai.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambayar a mahallin Jihar Kano. An zaɓi Zawaciki da ke ƙaramar hukumar Kumbotso a matsayin ma'auni saboda wurin ya haɗa abubuwan da ke gwada ingancin kowace dokar hukunci: ma'aikata masu ƙaramin albashi, zaman haya, da baƙi masu shiga da fita. A nan ne Tashar Tsandauri ta Dala take, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2023, ga kuma kamfanonin jima na Chalawa a maƙwabtaka. Hukumomi biyun da ake fara kai ƙorafi gare su ma a yankunan masana'antu suke, domin hedikwatar Hisba tana Sharaɗa, ta rundunar 'yan sandan jiha kuma tana Bompai.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Girman matsalar ba abin jayayya ba ne. Binciken lafiya da ƙidayar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi na jiki, na jima'i ko na zuciya daga mazajensu, kuma kashi 55 cikin ɗari na matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba. Saɓanin masana yana wajen magani.

Ra'ayi na farko shi ne na masu ganin kamu da hukunci su ne ke tsawatarwa. Tushensu binciken da Lawrence Sherman da Richard Berk suka wallafa a 1984 a kan birnin Minneapolis na Amurka, inda suka ga kama mai laifi ya fi nasiha ko raba ma'aurata na 'yan sa'o'i rage maimaita duka. Sai dai da Sherman da abokan aikinsa suka sake gwajin a Milwaukee, sakamakon da ya fito a 1992 ya rikita lissafin: kamu ya rage maimaita laifi a tsakanin masu aikin yi, ya kuma ƙara shi a tsakanin marasa aiki. Wannan sakamako yana da muhimmanci ga Zawaciki fiye da na farkon, kamar yadda za a gani a 4.3. Game da umarnin kansa, Victoria Holt da abokanta sun ruwaito a 2002, daga birnin Seattle, cewa umarnin kariya na dindindin yana tafe da raguwar kusan kashi 80 cikin ɗari na dukan da ake kai wa 'yan sanda rahoto cikin shekara guda, amma na wucin gadi bai nuna irin wannan fa'ida ba.

Ra'ayi na biyu na masu fifita sulhu ne, kuma shi ne mafi rinjaye a Kano. Hujjarsu ita ce shigar da ɗan sanda tsakanin mata da miji kashe aure ne, kuma Musulunci ya riga ya tanadi masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin kowane ɓangare. Ra'ayi na uku ya fito daga cikin gida: Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fara kira tun 2017 da a rubuta dokar iyali ta Musulunci, ya kuma yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan wannan batu, inda ya kwatanta masarautar Kano da ƙasar Maroko. Dukkan ra'ayoyin uku sun fi tsayawa a kan dukan kansa. Wannan maƙala ta karkata ga mataki na gaba, wato abin da ke faruwa bayan hukuma ta ce a daina, mutum ya ƙi.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin nassin doka da kwatance. An karanta sassa na 27 zuwa 36 na Dokar VAPP, da Kundin Laifuffuka na Arewa wato Final Kod, da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, aka kwatanta su da dokokin Afirka ta Kudu, Ingila da Gana. Sannan aka auna hukuncin tara da mafi ƙarancin albashi, aka kuma duba abin da fiƙihun Malikiyya ya ce a kan miji mai cutarwa.

4.0 Nazari

4.1 Abin da Dokar VAPP ta tanada

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa dokar hannu ranar 25 ga Mayun 2015. Sashe na 28 ya ba wanda aka cuta damar neman umarnin kariya a Babbar Kotu ba tare da ƙayyade lokaci ba, ya kuma yarda wani ya nema a madadinsa, kamar ɗan sanda, ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta. Sashe na 29 ya yarda a ba da umarni na wucin gadi kafin a saurari wanda ake ƙara. Sashe na 31 ya jero abubuwan da kotu za ta iya hanawa, har da shiga gidan mai ƙara ko wurin aikinta, da tura wani ya yi ta'asar a madadinsa, ya kuma ba kotu ikon ƙwace makami da yanke kuɗin agajin gaggawa.

Sashe na 33 shi ne ƙashin bayan tsarin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A duk lokacin da kotu ta ba da umarni, za ta haɗa shi da sammacin kamu da aka jingine. Muddin wanda ake ƙara yana bin umarni, sammacin yana ajiye. Ranar da ya saɓa, mai ƙara za ta miƙa shi ga ɗan sanda tare da takardar rantsuwa. An ɗauko wannan dabara ne daga dokar Afirka ta Kudu ta 1998.

Sashe na 36 ne ya yanke hukunci: tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ya ƙara da cewa wannan bai hana a hukunta mutum da laifin raina kotu ba, bai kuma shafe wani laifin da ya aikata yayin saɓawar ba. Wanda ya yi ƙarya da gangan a takardar rantsuwa shi ma yana fuskantar tara ko ɗauri.

Idan aka kwatanta, hukuncin Nijeriya sassauƙa ne. A dokar Afirka ta Kudu ta 1998, yadda aka fara kafa ta, iyakar ɗaurin shekara biyar ne. A Ingila, tun 1 ga Yulin 2007 saɓa umarnin hana tsangwama ya zama laifi mai ɗaurin da zai iya kai wa shekara biyar. Dokar Gana ta 2007 ta tsaya a shekara biyu. Wato an aro sammacin Afirka ta Kudu, aka bar nauyin hukuncinta.

4.2 Matsayin Kano

Sashe na 47 na Dokar VAPP ya taƙaita aikinta ga Babban Birnin Tarayya, don haka dole kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Jigawa a 2021, Katsina a Disambar 2023. Har zuwa ƙarshen 2024 Kano ce kaɗai jihar da ba ta yi ba; hanyar da aka bi ita ce ƙoƙarin cusa tanade-tanaden cikin gyararren Final Kod na jiha.

Sakamakon haka a fili yake ta fuskar tsarin mulki. Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulki ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka, ƙa'idar da kotu ta tabbatar tun a shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961. Matar da ke Zawaciki idan ta kai ƙorafi ga mai unguwa ko dagaci ko Hisba, abin da ta saba samu shi ne a zaunar da su, a yi wa miji faɗa, a sa shi ya rubuta alkawarin ba zai ƙara ba. Wannan takarda tana da nauyi a idon jama'a, tana kuma iya zama hujja nan gaba, amma karya ta ba laifi ba ne a kowace doka. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da dokar 2003, ba kotu ba ce, ba ta da ikon yanke tara ko ɗauri a kan wanda ya ci amanar sulhu.

Akwai hanyoyi biyu da suka rage. Ta farko ita ce kotu ta ɗaure mutum da alkawarin zaman lafiya, tare da mai tsaya masa. Idan ya karya, kuɗin da aka ɗora ya faɗi. Wannan tsari an yi shi ne don husumar maƙwabta da 'yan tada zaune tsaye, ba ya faɗin wa zai kwana a ɗaki, ba ya hana bin mace kamfanin da take aiki. Ta biyu ita ce tuhumar raina kotu, wadda ke buƙatar mai ƙara ta koma kotu, ta shigar da sabuwar buƙata, a isar da takardu, a sa rana. Wadda ake yi wa barazana da dare ba ta da wannan lokaci.

Ga kuma sashe na 55(1)(d) na Final Kod, wanda ya ce abin da miji ya yi don ladabtar da matarsa ba laifi ba ne matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba, idan al'adar da suke bi ta yarda da haka. Mummunan rauni a sashe na 241 ya ƙunshi irin su karaya, makanta, fitar haƙori, ko ciwon da ya hana mutum harkokinsa na kwana ashirin. Duk dokar umarnin kariya da aka kafa alhali wannan sashe yana nan, an bar wa lauyan wanda ake tuhuma ƙofar da zai bi.

Wani giɓin ya shafi tsallaka iyaka. Sashe na 28 na Dokar VAPP ya ce umarnin da kotun Abuja ta bayar yana aiki a duk faɗin Nijeriya, amma laifin saɓa shi yana cikin dokar da ba ta aiki a wajen Abuja, kuma sashe na 27 ya ba Babbar Kotun Abuja ce kaɗai hurumin shari'ar. Matar da ta samu umarni a can, ta dawo Kano gidan iyayenta a Panshekara, mijin ya biyo ta, za ta tarar umarnin yana da rai, hukuncinsa kuma ya tsaya a hanya. A yankin da direbobin manyan motoci da 'yan ci-rani ke kai-komo, wannan ba tambayar aji ba ce.

4.3 Tara da ɗauri a ma'aunin ma'aikaci

A 2015 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, don haka tarar 300,000 ta kusa albashin wata 17. A 2024 an mayar da shi 70,000 a matakin ƙasa, Kano ta sa 71,000, tarar ta koma albashin wata huɗu da ɗoriya. Hauhawar farashi ta cinye kashi uku cikin huɗu na nauyinta ba tare da majalisa ta taɓa ko wasali ba. Ƙarancin hukunci yana cikin dalilan da Sanata Jibrin Isah ya kawo a ƙudurin sake rubuta dokar da ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a 2024.

Amma matsalar tara ta wuce ƙanƙanta. Ga mai kamfani a Bompai ko dillalin fata, 300,000 kuɗin da za a biya a tashi ne, har ta zama farashin saɓawa. Ga lebura mai aikin yini a Chalawa, wanda dokar mafi ƙarancin albashi ma ba lallai ta rufe shi ba domin ta cire masu aikin wucin gadi da ƙananan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuɗin ba za su fito daga ko'ina ba sai daga cefane da kuɗin haya. Wani lokaci kayan ɗakin matar ne za a sayar. Mace ta san wannan lissafi tun kafin ta bar gida, shi ya sa take janye ƙara, sai a ce ta yafe.

Ɗauri ma haka. Ma'aikacin wucin gadi da ya yi mako biyu a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ya rasa gurbinsa, domin akwai masu jira a bakin ƙofar kamfani kowace safiya. A nan binciken Milwaukee ya shigo: tsoron kamu yana aiki a kan wanda yake da abin da zai rasa, kuma dogon ɗauri kan mayar da mai aiki mara aiki, wato ya fitar da shi daga rukunin da hukunci ke tsoratarwa zuwa rukunin da hukunci ke harzuƙawa. Ba a kawo wannan don a ce kada a ɗaure ba. Wanda ya zo da wuƙa, ko ya saɓa sau biyu, ko ya ji wa mace rauni, wurinsa gidan gyaran hali ne, kuma wata shida ya yi masa kaɗan. Abin nufi shi ne hukunci guda ɗaya da ya haɗa wanda ya buga waya da wanda ya fasa ƙofa bai yi wa ko ɗaya daidai ba.

Yanayin muhalli ma yana canza ma'anar saɓawa. Dokar VAPP ta ƙaddara gida mai sassa, har ta yarda a hana mutum shiga wani ɓangare nasa. A gidan haya mai ɗaki ɗai-ɗai da banɗaki ɗaya, babu ɓangaren da za a raba. Idan kuma mata da miji kamfani ɗaya suke aiki, hana shi shiga wurin aikinta korarsa ne daga nasa. Umarnin da ba a iya bi yana haifar da saɓawa, sannan ya zubar da kwarjinin kotu.

4.4 Tushe a fiƙihu

Ƙorafin da ya fi tsayar da dokar a Kano shi ne cewa baƙuwa ce. Game da umarnin kariya, ƙorafin ba shi da ƙarfi. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun ce idan miji ya ƙetare iyaka alƙali ya tsawata masa, kuma idan ƙorafi ya yawaita ba hujja, a zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki da za su shaida halinsu. Idan cutarwa ta tabbata, mace tana da haƙƙin a raba auren ba tare da ta biya hul'i ba, kuma Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna aiki da ita, ta karɓi labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta a matsayin hanyar tabbatar da cutarwa. Wanda ya bijire wa tsawatarwar alƙali kuwa ta'aziri ne hukuncinsa. Abin da ya rage shi ne a rubuta ta'azirin da iyakarsa cikin doka, domin kotunan Shari'a na Kano ma, tun dokar laifuffukan Shari'a ta 2000, suna ƙarƙashin sharaɗin sashe na 36(12).

4.5 Zartarwa

Hukunci a rubuce bai wadatar ba idan ɗan sanda yana da zaɓin ya ƙi motsi. A 1999, a garin Castle Rock na jihar Colorado, Jessica Gonzales ta yi ta kiran 'yan sanda bayan mijinta ya kwashe 'ya'yansu mata uku duk da umarnin kotu. Ba su kama shi ba, ya kashe yaran a daren. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, cewa tsarin mulki bai ba ta haƙƙin tilasta 'yan sanda su zartar da umarnin ba. Idan haka ta faru a inda doka ta yi amfani da lafazin wajibci, to a inda amsar da aka saba ji a kantar 'yan sanda ita ce "ku je ku sasanta, maganar gida ce", dole dokar ta faɗi abin da zai sami jami'in da aka miƙa wa sammaci ya ajiye shi.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Nazarin ya kai ga cewa dokar Kano, ko ta zo da sunan VAPP ko cikin gyararren Final Kod, tana buƙatar waɗannan abubuwa. Saɓa umarnin kariya ya zama laifi mai suna da hukunci a rubuce, a kuma soke sashe na 55(1)(d) a cikin doka guda. A ba kotunan majistare da na Shari'a hurumin bayar da umarni da hukunta saɓawa, domin su ne talakan Kumbotso ke iya kaiwa, ba Babbar Kotu da ke sakateriyar Audu Baƙo ba. A riƙe sammacin da aka jingine, a kuma ɗora wa jami'in da ya ƙi zartar da shi horo. Sulhun da aka yi a Hisba ko gaban dagaci a samar da hanyar kai shi gaban alƙali ya mayar da shi umarni.

Hukuncin kansa ya zo hawa-hawa. Saɓawar farko da ba duka ba makami a cikinta ta tafi da ɗaurin da aka jingine ko aikin gayya na tilas a wajen lokacin aikin mutum, abin da Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta riga ta buɗe wa hanya. Maimaitawa, makami ko rauni su wajabta ɗaurin da ba shi da zaɓin tara, mai iyakar da ta haura ta Abuja. Tara kuma a ɗaure ta da kuɗin shigar mai laifi, kada a karɓe ta sai bayan an fitar da ciyarwar mace da 'ya'ya. A ƙarshe, dokar ta amince da umarnin kotunan wasu jihohi, ta hukunta saɓa su a Kano. Wannan aiki ne na Majalisar Dokokin Jihar Kano da Ma'aikatar Shari'a, kuma babu ɗaya daga cikinsa da ke buƙatar izinin Abuja.